Ragon da Malam Zayyad Ya Yanka a Tungar Dikko

A Tungar Dikko, ƙauyen da ke can ciki tsakanin Gwashi da Adabka, babu mai taɓa wuyan dabbarsa ranar Babbar Sallah sai liman ya yanka nasa ragon a filin Idi, jama'a na tsaye suna gani. Shi kuma ragon ba liman ke sayensa ba. Magajin gari ke aiko da shi tun Sallah na da sauran kwanaki, a ɗaure shi a ƙofar gidan liman, mai wucewa ya tsaya ya duba ƙiba ya faɗi albarkacin bakinsa. Ranar Idi Magaji ya dafa ƙaho, liman ya sa wuƙa, sannan kowa ya juya gida ya yi tasa layyar. Babu wanda ya taɓa tambayar dalili. Zayyad ma, da aka haifa cikin gidan limancin, ɗan Liman Tanko, bai tambaya ba sai da ya girma ya je ya karanto abin da ya mayar masa da tambayar ciwo.

Liman Tanko mutum ne mai son a ce ɗansa ya haɗa biyu. Ya sa shi karatun allo a zaure, ya sa shi boko a Gwashi, daga nan sakandare a Gummi, inda ya zauna gidan wani aminin mahaifinsa mai sayar da busasshen kifi. Da ya samu shiga jami'a a Sakkwato, ƙauyen duka suka gama yanke masa hukunci: alƙali za a yi, in an rasa kuma malamin Larabci. Sai ga shi ya dawo hutu ya ce tarihi yake karantawa. Tarihin ma ba na Zamfara ba, ba na Gobir ba, ba na Kabi ba. Na Rumawa da Farisawa ne a ƙarshen zamaninsu, dab da bayyanar Musulunci, yadda sarakunansu ke jan limaman coci da limaman masu bautar wuta a jiki, su ma limaman suna jan sarakunan.

Inna, mahaifiyarsa, tana cikin tankaɗe ta ɗago ta dube shi ta ce, "Duk matattun ƙasarmu ba su ishe ka ba, sai ka tahi neman na wasu?"

Ya yi dariya, amma bai canza ba. Abin da ya kama shi a karatun ƙaramin abu ne. Ya lura cewa mai takobi, komai yawan mayaƙansa, tsoron da ake ji masa ba ya isarsa. Yana son a gan shi a sahun gaba wurin ibada. Yana son mai addini ya karɓi kyautarsa a gaban mutane, domin ranar da aka karɓa ya tashi daga mai ƙwace ya koma mai mulki. A kan wannan ya yi digirinsa na biyu: kyaututtukan da sarakuna ke kai wa wuraren ibada, wa ya karɓa, wa ya mayar. Labarin da ya fi so shi ne na wani babban limamin coci a ƙasar Rum. Sarkin zamanin ya sa aka karkashe mutanen wani birni saboda fushi, limamin ya ƙi yin ibada da shi, har sai da sarkin ya sauke girman kai ya tuba a bainar jama'a. In Zayyad ya zo nan a labari sai muryarsa ta canza, kamar kakansa ne ya yi abin.

Digiri na uku bai ƙaru ba. Malamin da ke duba masa aikin ya bar ƙasar, yajin aiki ya biyo baya, sannan aure ya zo. Ya auri Naja'atu, 'yar Gummi, mai gyaran shinkafa tana kai wa 'yan kasuwa, mace mai magana ɗaya. Ya samu koyarwa a wata sakandare a nan Gummi. Bai daɗe ba aka janye darasin tarihi daga makarantu, aka miƙa masa duk darasin da ya rasa malami. Ko me aka ba shi ya koyar, kafin a kaɗa ƙararrawa sai Rumawa sun shigo ajin. Ɗalibai suka sa masa Malam Rumawa, har masu shayi a bakin tasha suka ɗauka. Shekaru masu yawa ya yi a haka. Ba shi da mota, ba shi da maƙiyi. Babur ɗaya tsoho, 'ya'ya, da gonar shinkafa 'yar ƙarama a fadama.

Can gida kuwa ƙasa ta fara lalacewa. Da fari shanu ake kwashewa, daga baya aka koma kwasar mutane. Dajin da ke bayan Tungar Dikko ya koma hannun wani ɗan bindiga da ake kira Mainasara. Shi ne ya shiga kasuwar wani ƙauye da ke maƙwabtaka da su da rana tsaka, ya bar gawarwakin da Liman Tanko ya yi ta sallata sahu bayan sahu har ƙafarsa ta kumbura. Magajin gari ya ce zai je Gusau ganin likita, ya tafi da iyalinsa duka, har da awaki, ciwon bai warke ba har yau. Waɗanda ba su da Gusau ɗin zuwa suka zauna suka yi abin da ake kira sulhu. Sulhun shi ne, su fara nome wa Mainasara gonakinsa, sannan in ya ga dama ya ce su shiga nasu. Babu mai sa iri a ƙasa sai ya ba da baki.

A cikin wannan hali Liman Tanko ya rasu. Dattawa suka biyo Zayyad Gummi bayan addu'ar arba'in, da Malam Muntari na'ibi a gaba. Suka ce limanci na gidan Tanko ne, shi Muntari riƙo yake yi, kuma Inna ta rantse ba ta barin ɗakinta ko za a ƙone shi da ita.

Da suka fita Naja'atu ta ce, "Malam, mutane na gudowa, kai kana komawa. Mi kaka nema can?"

"Uwata na can. Masallacin ubana na can."

"Masallacin ubanka ba ya tsaida harsashi."

"Na sani."

"To tunda ka sani, sai in ɗaure kayana. Ba ni zama nan ana kawo min labarinka a baki."

Suka bar yara wurin 'yar'uwarta, ya nemi hutu a makaranta, suka koma.

Sallar layya ta farko da ta same shi a limanci ta faɗo a farkon damina. An yi ruwa mai kyau, ƙasa ta jiƙa, ƙamshinta na shiga har cikin ɗaki. An gama shukar Mainasara. Amma bai ba da baki ba. Maza na zaune a inuwa da irin gero a ƙulle, suna kallon sama suna kallon hanya. Kowa ya san in aka wuce wannan ruwan da na bayansa, shekarar ta tafi, kuma rumbunan garin babu wanda zai kai kaka biyu.

Sai ga babura biyu da hantsi. Yaran Mainasara ne, samari huɗu da bindigogi a rataye, na bayan ɗaya ya rungume rago a cinya. Suka sauke shi ƙofar gidan liman, suka ɗaure a turken da ragon Magaji ke zama, kamar an nuna masu wurin. Fari ne tas, mai baƙin zobe a ido ɗaya, ƙato, irin wanda garin ya manta da ganinsa.

Babbansu ya ce, "Maigida ya ce a gaida Liman. Ya ce ga na yanka. Ya ce shina zuwa Idi da kainai, in an sauko sai a yi maganar gona."

Zayyad ya amsa gaisuwar. Da ƙarar baburan ta ɓace ya durƙusa ya kama kunnen ragon ya juya. Tsaga biyu a kunnen hagu, da ɗan yanke a baki. Ya san wannan alama tun yana yaro. Ta garken Labbo ce, makiyayin da rugarsa ta yi shekaru a bayan gonarsu, wanda matarsa ke kawo wa Inna nono tana komawa da gero. Bara waccan yaran Mainasara suka kore masa dabbobi kaf.

Dattawa suka cika zaure kafin azahar. Zayyad ya faɗa masu abu biyu. Na farko, ragon na sata ne, ba a layya da shi, kuma in liman ya yi wasa da tasa layyar ya ja gari duka cikin shakka. Na biyu, ya ce, ba nama Mainasara ya aiko ba. Turken Magaji yake nema. In aka yanka wannan rago a filin Idi yana dafe da ƙaho, an naɗa shi ba tare da rawani ba. Ya fara kawo masu misali da ƙasar Rum, Malam Muntari ya ɗaga hannu.

"Liman, Allah shi gafarta Malam, wanga mutum naka na Rum, da yaƙ ƙi, mutanenai nawa anka kashe?"

"Ba a kashe kowa ba."

"Gonassu fa, an hana su?"

"Babban birni na. Sarkin na bukatar shi."

"To mu wa ka bukatarmu?"

Amsar na cikin karatun Zayyad. Ya fi kowa sanin cewa limamin cocin nan yana da birni a bayansa, da manyan mutane, da sarki mai jin kunyar a ce ya fita daga addini. Ya kuma san sauran, waɗanda bai cika ba ɗalibai labarinsu ba: limaman ƙananan garuruwa na bakin iyaka, da mayaƙa suka kewaye, suka karɓi abin da aka miƙo masu suka sa albarka, ba a ma rubuta sunayensu ba. A jami'a ya ba su 'yan shafuka kaɗan, ya kira su masu rauni.

Wani tsoho daga ƙurya ya ce, "Mu dai ba mu ce ka yi saɓo ba. Amma ɗiyanmu na cin tuwo sau guda."

Inna ba ta ce ya yanka ba, ba ta ce kada ya yanka ba. Ta dai hana a ba ragon dusar gidanta. Naja'atu ce ta riƙa fita tana zuba masa ruwa, tana cewa dabba ba ta da laifi.

Ana jibi Sallah ya hau babur ya nufi Adabka. An ce masa Labbo na can bayan gari, a wata bukka gefen gonar wani, yana yi wa mutane kiwon awaki. Hanyar ta cika da laka, sau da yawa sai ya sauka ya tura. Ya same shi zaune a kan buzu yana gyaran igiya. Tsohon ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Dabbobinsa 'yan bindiga suka kwashe, babban ɗansa kuma 'yan sa-kai suka kashe a hanyar kasuwa, don kawai an gan shi da sanda da rawani irin na Fulani.

"Baffa, ina wuni."

Labbo ya kare ido da hannu. "Wa nika gani kamar ɗan Tanko? Kai ne mai karatun arna?"

"Ni ne, Baffa."

"An ce kai ka limanci yanzu. Duniya ta ƙare."

Suka yi dariya kaɗan, suka yi wa juna gaisuwar mutuwa, Labbo ta Liman Tanko, Zayyad ta ɗan Labbo. Sannan Zayyad ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya kwatanta ragon.

"Mai zobe a ido," in ji Labbo. "Uwatai ta mutu wurin haihuwa, da hannuna na shayar da shi. Ya yi ƙiba?"

"Ya yi."

"Ɓarawo ya iya kiwo ke nan." Ya ci gaba da murza igiya. "To mi kaka so? In zo in karɓa?"

"So nike ka ba ni shi kyauta. In kai mai shi ka ba ni, ya halatta in yanka. Layyar mutane ta tsaya, su samu su yi shuka."

Labbo ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta. Ya ce, "Shanuna sun tahi ba wanda yaz zo neman izni. Ɗana ya tahi ba wanda yaz zo. Sai rago guda anka tuna ina da hakki."

"Gaskiya ta, Baffa."

"In na hana fa?"

"Sai in koma in hwaɗa masu ban yankawa."

"Sai su kashe ka, su hana gona, a ce Labbo yaj ja." Ya ajiye igiyar. "Na ba ka. Kai na ba, ɗan Tanko, don gishirin da nac ci gidanku. Ban ba wancan ba. Ka hwaɗa wa mutane hakanan."

"In Allah ya so."

"Kar ka sa Allah ciki in ba ka iyawa."

Zayyad ya juyo gida hankalinsa kwance. A wajen shari'a ya warware matsalar, rago ya zama nasa. A hanya yana tura babur cikin laka yana tsara maganar da zai yi a filin Idi: jama'a, wannan rago na Labbo ne, shi ya ba ni. Gajeriyar magana ce. Ya maimaita ta har ta zauna masa a baki.

Ranar Sallah aka cika fili tun da sanyin safiya. Lokacin salla ya yi, Mainasara bai zo ba. Rana ta ɗaga, yara suka fara kuka, tsofaffi suka zauna a ƙasa. Babu wanda ya ce a tayar. A da Magaji kaɗai ake jira haka, kuma Zayyad na tsaye yana ji a jikinsa cewa jiran nan ma wani abu ne aka riga aka miƙa tun kafin a zo kan rago.

Da suka iso, ƙurar babura ba ta tashi ba saboda danshi, sai ƙara. Mainasara ba ƙato ba ne. Siriri ne, da sabuwar shadda mai ruwan toka wadda karinta bai baje ba, da takalmin roba na shiga daji. Sahun gaba ya buɗe masa da kansa. Yaransa suka jera bindigogi a gaban sahu, wasu suka tsaya gefe ba su yi sallar ba. Zayyad ya ja raka'a biyu, ya yi huɗuba gajeriya a kan haƙuri da haramcin jinin Musulmi. Mainasara na gyaɗa kai kamar da wasu ake.

Aka jawo ragon aka kayar. Mainasara ya tashi ba wanda ya kira shi, ya zo ya dafa ƙahon, daidai inda hannun Magaji ke zama. Da alama wani ya riga ya gaya masa yadda ake yi, kuma wannan wanin ɗan garin ne. Ya dubi Zayyad ya yi murmushi.

"Liman, ragon ya yi?"

"Ya yi."

"In bai yi ba a sake wani. Akwai su da yawa."

Yaransa suka yi dariya, suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Zayyad ya riƙe wuƙar mahaifinsa. Maganar Labbo na bakinsa. Ya ɗaga kai zai faɗa, sai ya ga fuskokin mutanen da ke bayan Mainasara, manoma da sababbin huluna a kan tsofaffin riguna, kowa ya ƙura masa ido, kuma babu ɗaya a ciki da ke son jin ragon wane ne. Malam Muntari ya girgiza masa kai a hankali. In ya ce na Labbo ne, ya kira Mainasara ɓarawo a gaban yaransa, kuma Labbo na zaune a bukkar da ko ƙofa ba ta da. Ya faɗi maganar a zuciyarsa, ya ambaci sunan Allah, ya yanka.

Mainasara ya goge hannu a jikin ragon ya juya ga jama'a. "Ku tahi ku yi shuka. Ba mai taɓa ku bana. Garin nan nawa na."

Wasu suka yi kabbara. Washegari tun da safe, ranar da ya kamata a zauna cin nama, garin duka na gona.

Kafin gero ya kai gwiwa hoton ya gama zaga wayoyi. Ba a ga manoman da ke tsaye a baya ba, ba a ga rumbunan da suka kusa ƙarewa ba. An ga liman da wuƙa, an ga ɗan bindiga da hannu a ƙaho, suna kamar masu murmushi ga juna. Aka sa masa suna limamin 'yan ta'adda. Masu wa'azi a birni, waɗanda ko hanyar Gwashi ba su sani ba, suka hau mumbari suka yi ta yanka shi, ƙarƙashin fanka, da 'yan sanda a ƙofar masallaci. Wani ya tono cewa ai tarihin Nasara da masu bautar wuta ya karanta, me ake jira daga irinsa. Magajin da ya gudu ma ya samu bakin magana daga Gusau, ya ce an ci amanar sarauta. Shi da ya bar turken babu kowa.

Ana cikin noma na biyu Zayyad ya fita zuwa kasuwar Adabka sayo wa Inna magani. A wata kwana 'yan sa-kai suka tare hanya, da bindigogin gargajiya da layu a damtse. Suka sauke kowa, suka ware shi gefe. Shugabansu ya ɗaga waya kusa da fuskar Zayyad yana gwadawa da hoton.

"Shi na. Sannu Liman. Ina abokinka?"

"Ba abokina ba ne."

"Rago kawai ka haɗa ku? An ce kuma an gane ka rugar wani Bafillace ana jibi Sallah. Saƙon mi kak kai?"

"Mai ragon na. Na tahi roƙonai shi halatta min."

Suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Ji malamin boko. Ɓarawo ya ba shi, ya tahi wurin ɗan'uwan ɓarawo neman hatimi."

"Ku tambayi mutanen garin. Don su yi shuka na yi."

"Mu da anka kashe muna iyaye ba mu son shuka? Da wane hannu ka yanka?"

Ba su jira amsarsa ba. Suka kama na daman suka ɗora a kan kututture, suka sa gindin bindiga. Ba su kashe shi ba, wai don darajar mahaifinsa da wasunsu suka sani. Wani mai ɗaukar buhuna a babur ya kai shi Adabka, daga nan aka wuce da shi Gummi. Mai ɗori ya yi iya yinsa, asibiti ma ta yi nata, yatsun suka warke a lanƙwashe. Ba ya riƙe alli, ba ya riƙe wuƙa, ko loma sai da hagu, yana neman gafara duk ci.

Daga Tungar Dikko mutum biyu suka zo duba shi, su ma da magariba ta kusa, suna waige. Sauran sun ji tsoron a gan su a gidan. Makarantar da ya yi wa aiki shekara da shekaru ta aiko cewa ya ƙara hutawa har ƙura ta lafa, iyayen yara na magana. Naja'atu ta koma kan tukunyar shinkafarta, ita ke riƙe da gidan. Duk wadda ta zo da gulma a fakaice, a bakin ƙofa take sallamarta.

Geron kuwa ya yi kyau a shekarar. An cika rumbuna, bayan an fitar wa Mainasara da nasa kason. Ba a kashe kowa a garin ba har aka gama kaka. Inna ta aiko da dami biyu daga gonar gado, da saƙon cewa tana nan ɗakinta.

Bayan watanni wani tsohon abokin karatunsa ya zo, Dakta Auwalu, wanda ya ƙarasa abin da Zayyad bai ƙarasa ba, yanzu yana koyarwa a jami'a. Ya zo da mota da lemo a leda. Ya jajanta sosai, har idonsa ya yi ja. Sannan ya gyara zama ya ce ana shirya wani taron masana a ƙasar waje a kan addini da mulki, tun daga zamanin Rumawa har yau, kuma abin da ya faru a filin Idin nan misali ne da ba a samun irinsa.

"Kai ka rubuta shi tun muna ɗalibai, Zayyad. Kyauta, karɓa, halattawa. Ga shi ya fito a fili. In ka yarda in ɗauki muryarka, ba zan sa sunanka ba."

"A wane ɓangare za ka sa ni? Masu ƙi ko masu karɓa?"

Dakta ya yi ɗan tari. "Ai abin ya fi haka zurfi."

"Bai fi ba. Na karɓa."

Naja'atu ta leƙo daga tsakar gida da muciya a hannu. "Dakta, in an tahi taron a tambayo muna ko can Rum ɗin akwai mai gyaran yatsu. In babu, lemon ya isa, mun gode."

Ya tafi bai ɗauki muryar ba. Ko ya yi maganar a taron, ba a sani ba.

Da wata Babbar Sallar ta zagayo, Zayyad ya yi Idi a Gummi, a sahun baya, ya dawo ya zauna a zaure. Bai yi layya ba. Da la'asar wani mai babur ɗan garinsu ya tsaya gaishe shi, ya sha ruwa, ya ba shi labarin gida. Ruwa ya sauka da wuri, an riga an yi shuka tun kafin Sallah, Mainasara bai ja rai ba bana. Rago ya iso tun da saura mako, baƙi ne wannan karon. Malam Muntari ya yanka.

Zayyad ya ce, "An duba kunnen?"

Mutumin ya dube shi bai gane ba.

"Dattawa sun zauna a kai? Wani ya ce wani abu?"

"Zama kuma na mi, Malam? Ai maigida ka aiko da rago, liman shi yanka. Hakanan aka yi."

Ya ajiye kofin, ya ce zai wuce kafin hanya ta rufe, ya tada babur ɗinsa.